Ƙusoshi Huɗu a Gindin Gidan Leotta

Lauya Hinkson ya ce aikin minti goma ne. Haka ya faɗa wa Leotta Niles ranar Talatar da ta hau matakalar ofishinsa a Bridgetown, babban birnin tsibirin, tana haki, da hular zuwa coci a kanta da takalmin da ke cin mata ɗan yatsa. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannun lauya ya san minti gomansu, akwai wanda aka haifa a cikinsa har ya yi gemu. Amma Leotta ba ta taɓa shiga ofishin lauya ba a shekarunta sittin da uku. Sana'arta suyar kifi a bakin teku, kuma a can in an ce minti goma, to kafin nan mai ya yi zafi.

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Fitz Gollop, mutumin da ta zauna da shi shekara talatin da ɗaya, ya mutu a watan Mayu bai bar wasiyya ba. Ba su taɓa ɗaura aure a coci ba. Kullum Fitz cewa yake sai ya ɗinka kwat mai kyau tukuna, ba zai tsaya gaban Ubangiji da tsumma ba, har aka binne shi da kwat ɗin aro. Don haka filin da suke zaune a kai, can yankin St. Philip kusa da gaɓar teku, ya faɗa hannun Carlisle, ɗan da ya haifa da matarsa ta fari wadda ta rasu tun yaron yana shekara shida. Leotta ce ta riƙe shi. Yanzu kwandasta ne a bas a Landan, ya zo jana'iza ya tsaya sayar da fili. Wani mai otal ya taya, Hinkson ne kuma lauyan Carlisle.

“Sa hannu kawai za ki yi, Mis Niles,” in ji lauyan, yana turo mata takarda. “Kin yarda ba ki da haƙƙi a filin, kuma za ki tashi cikin wata uku. Nan da nan, inda na sa alama.”

Leotta ta ciro tabarau daga jaka. Karatunta a hankali yake, yatsa na bin layi, leɓe na motsi. Lauyan ya dubi agogo sau biyu, ta yi kamar ba ta gani ba. A tsakiyar shafi na biyu yatsan ya tsaya.

“Mista Hinkson, mene ne wannan ‘fili da duk abin da ke kansa’?”

“Haka ake rubutawa. Salon takarda ne.”

“Salon takarda. To, a kan filin akwai bishiyar mangwaro, akwai akurkin kaji, akwai gidana. Wanne ne a cikin salon?”

“Gidanki?”

“Da na wa? Na gwamna?”

Ta ajiye alƙalamin. Ba ta ja da kowa a kan ƙasa ba, ta ce, ƙasa ta Gollop ce tun kakansu, yaro ya ɗauki abinsa ya sayar wa shaiɗan ma in ya ga dama. Amma gidan katakon nan ubanta ne ya gina shi da abin da ya samo a haƙar mashigin ruwa na Panama, ya dawo da shi tare da tarin da ya kashe shi. An taɓa kwance gidan an ɗauke shi sau biyu: sau ɗaya da manajan gonar rake ya kori uwarta, sau ɗaya kuma da ita kanta ta kawo shi filin Fitz a kan keken shanu. Ita ta zo da gida, shi ya zo da ƙasa, a haka suka zauna.

Hinkson ɗan ƙasa ne, uwarsa ma a irin gidan ta girma. Ya san gidan katako da aka ɗora a kan duwatsu ba tare da siminti ba kayan mai shi ne, kamar gado ko akwati. Talaka a tsibirin nan bai taɓa mallakar ƙasar da yake kwana a kai ba, shi ya sa ya koyi gina gidan da zai bi shi. Lauyan ya cire tabarau ya murza ido. Matsalar, in ji shi, Carlisle ya riga ya yi wa mai otal alkawarin har da gidan. Mutumin yana so ya shafa masa fenti ya riƙa kwantar da Turawa masu yawon shan iska a ciki, wai suna son tsohon abu.

“Turawa a ɗakina,” in ji Leotta. “A gadon da Fitz ya cika.”

“Kada ki ɗaga hankalinki. Zan zo Juma'a in duba da idona. In a kan duwatsu yake kawai, layi ɗaya zan soke, shi ke nan.”

Ta sauko matakala da takalmin a hannu.

Ranar Juma'a da hantsi motar lauya ta tsaya a bakin hanya, kaji suka watse. Gidan yana nan yadda yake kullum: ɗaki biyu da 'yar rumfa a baya, fenti ruwan ƙwai da ya fara ɓarewa, tagogin katako da ake tokarewa da sanda. Hinkson ya zagaya shi, ya durƙusa da wandonsa mai guga yana leƙa ƙarƙashi. Fararen duwatsu ne jere a kan juna, babu siminti a tsakaninsu. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, fuskarsa a sake.

Da Leotta ta yi shiru a nan, da an gama. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kuma san inda yake alfahari da shi. Ganin yadda lauyan ya taɓa bangon da yatsa biyu kamar zai faɗi, sai abin ya sosa mata rai.

“Tura shi da ƙarfinka, Mista Hinkson. Ba inda za shi. Zo ka gani.”

Ta ja shi kusurwar gabas, ta ture ciyawa da ƙafa. A bayan duwatsun akwai wani dunƙulen siminti da aka binne a ƙasa, daga cikinsa wata ƙatuwar ƙusar ƙarfe ta fito ta huda katakon gindin gida, an ɗaure ta da noti. Haka yake a kowace kusurwa, huɗu cif. Ta ba shi labarin da jin daɗi. A guguwar shekarar hamsin da biyar iska ta ɗaga gidan da su a ciki ta ajiye shi a karkace, ita tana ƙarƙashin tebur tana kiran Yesu. Bayan nan wata guda ba ta iya barci in ganye ya motsa. Fitz, wanda ko ƙusar rataya hula bai taɓa bugawa daidai ba, ya je ya samo siminti ya yi kwana uku yana haƙa. Ya ce mata, yanzu sai dai iska ta ɗauki tsibirin gaba ɗaya.

Tana gama magana ta lura lauyan bai yi dariya ba.

“Mis Niles,” ya ce a hankali, “da ma ba ki nuna mini wannan ba.”

Ya yi mata bayani, ita kuma ta saurara hannu a ƙugu. Doka ta ce abin da aka kafe a ƙasa ya zama ƙasa. Wani alƙalin zai ce ƙusa huɗu don tsoron iska ba ta mayar da gida ƙasa. Wani kuma zai ce mai fili da hannunsa ya kafe gidan a filinsa don ya dawwama, me ya rage? Shi kansa bai san wanda za a samu ba. Kuma tunda lauyan Carlisle ne, ba shi da ikon ɓoye abin da ya gani. Zai sanar da lauyan mai otal yau, su kuma ranar Litinin za su nemi kotu ta hana a taɓa ko katako ɗaya har a yanke hukunci. Shekara biyu, wataƙila uku. Ita kuwa wata uku gare ta a filin.

“Wato ni in fita, gidan ya zauna yana jiran alƙali.”

“Kusan haka.”

“Saboda mutum ya so ni ya haƙa rami huɗu.”

Lauyan ya juya zai nufi mota, ta tsayar da shi.

“Litinin ka ce?”

“Litinin, ƙarfe tara.”

“Yau kuma Juma'a.”

Hinkson ya cire tabarau ya shiga gogewa, idonsa a kan teku. “Ni dai shawarata a matsayina na lauya, kada ki taɓa komai,” ya ce. Ya shiga mota ya tafi bai sha ruwan da ta ɗebo masa ba.

Ta zauna a bakin ƙofa cikin baƙin ciki. Ba lauyan ne ya fi ƙona mata rai ba, ba ma Carlisle ba. Bakinta ne. Da kuma Fitz, wawan mutum, wanda abu guda ɗaya da ya taɓa yi da hannunsa ya yi kyau shi ne yau zai raba ta da gidan ubanta. Ta yi kuka na ɗan lokaci, ta share fuska da bakin siket, sannan ta ɗaura kallabi ta nufi gidan Dacosta Belle.

Dacosta kafinta ne, tsoho mai kunne ɗaya da ke ji. Ya kwance gidaje a St. Philip fiye da yadda zai iya tunawa. Ya saurare ta da kunnen mai kyau, yana tauna ƙarshen fensir.

“Ina za a kai shi?”

“Filin da ke bayan gidan ƙawata Enid. Ta yi magana da mai gonar da ke da filin, ya yarda.”

“Lahadi ranar Ubangiji ce, Leotta.”

“Ubangiji kafinta ne, zai gane. Ka zo da mutum takwas da akori-kurar surukinka. Akwai tuwon masara da kifi, akwai giyar rake.”

“Kwalba nawa?”

“Ka zo dai, tsohon banza.”

Ranar Lahadi rana na fitowa suka fara. Enid, ƙawarta ta wajen suyar kifi, ta zo da mata huɗu suka fitar da kaya: gado, tebur, kujera mai lilo, keken ɗinki, duk aka jera a ƙarƙashin mangwaro. Dacosta ya bi bango yana rubuta lamba da alli. Aka sauke kwanon rufi, aka zare tagogi, bango ya riƙa fita ɓangare-ɓangare kamar yadda aka gina shi don ya fita. Masu wucewa zuwa coci suka tsaya kallo da littattafan waƙa a hannu, wasunsu suka ajiye littattafan suka kama. Kafin ƙarfe goma babu abin da ya rage sai daɓen katako da gindinsa, da ƙusoshin nan huɗu. Shekara goma sha ɗaya iskar teku na cin su, tsatsa ta haɗe noti da ƙusa sun zama abu ɗaya. An zuba kananzir, an buga da guduma, sifana ta karye, ko gezau.

Ana cikin haka tasi ta tsaya. Carlisle ya fito da kwat ɗin Landan a wannan zafin, bayansa Kofur Springer na ofishin 'yan sandan yankin yana gyara hula.

“Me ke faruwa a nan? Mis Niles, wa ya ba ki izini?”

Mis Niles. Yaron da ta cire wa ƙaya a ƙafa, ta wanke wa katifa shekara uku yana fitsarin kwance. Leotta ta dube shi daga sama har ƙasa.

“Ina kwana, Mista Gollop. Ƙaura nake. Ba kai ka ce in tashi ba?”

“Ke na ce ki tashi, ba gidan ba! Kofur, sata ake yi a gabanka.”

Kofur Springer ya girma yana cin kifin Leotta, sau da yawa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba. Ya share gumi ya tambayi Carlisle ko yana da takardar kotu. Babu. To shi dai, in ji kofur, ya ga mace tana ɗaukar gidan katako, abin da yake gani tun yana rarrafe. In akwai magana, ta lauyoyi ce. Shi zai tsaya ne kawai ya tabbatar ba a fasa kan kowa ba. Ya koma inuwa kusa da tukunyar tuwo.

Carlisle ya juya kan kafinta. “Mista Belle, duk wanda ya taɓa ƙarfen nan, sunansa zai shiga takarda gobe. Ubana ya kafa shi, a ƙasata yake.”

Dacosta ya juya masa kunnen da ba ya ji, amma ya ajiye guduma. Mazan suka fara kallon ƙasa. Kowa yana da iyali, kuma kowa ya san talaka ba ya shiga kotu ya fito da rigarsa.

“Ba wanda zai taɓa maka ƙarfe,” in ji Leotta. “Dacosta, ba ni zarto.”

Ta tattare siket ta durƙusa a kusurwar gabas. Ta auna tafin hannu ɗaya daga ƙusar, ta ɗora zarto a kan katakon gindi. Katakon tsoho ne mai tauri, irin wanda ba a samu yanzu, ubanta ya zaɓe shi da kansa a bakin jirgi. Zarton ya yi tsalle sau biyu kafin ya kama. Ta ja, ta tura, garin katako na zuba a kan siminti inda har yanzu shatin yatsun Fitz yake. Tana yanka tana jin kamar shi take yankewa daga jikinta, kuma ba ta tsaya ba. Gumi ya jiƙa kallabin. Da ta gama gefe ɗaya ta koma ɗaya gefen ƙusar. A nan zarton ya kuɓuce ya tsaga mata bayan hannu.

“Anti Lee!”

Carlisle ne, bai san lokacin da sunan da yake kiranta da shi yana yaro ya fito daga bakinsa ba. Ya zaro hankici ya durƙusa kusa da ita da kwat ɗinsa a cikin ƙasa. Ta bar shi ya ɗaure hannun. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce mata ba ta san yadda zaman Landan yake ba. Ɗaki ɗaya shi da mata da yara uku, bango na tsattsafo da ruwa, ƙaramar tana tari tun hunturu. In babu gidan, mai otal zai rage farashi, wataƙila ma ya fasa.

“Na ji,” in ji ta. “Kuma na tausaya wa yarinyar, Allah ya sani. Da ka zo ka zauna a teburin can ka faɗa mini haka, da ban san abin da zan yi ba. Amma takarda ka aiko mini, Carlisle. Ka sa ni a layi ɗaya da akurkin kaji.”

“Ban rubuta haka ba. Lauya ne.”

“Kai ka sa hannu. Matsa, kana tare mini haske.”

Ta ƙarasa yankan da hannu ɗaure. Guntun katako ya rage manne da ƙusarsa, sauran gindin ya saki. Ta yunƙura za ta tashi zuwa kusurwa ta biyu, gwiwa ta ƙi. Enid ta karɓe zarton daga hannunta.

“Kawo nan. Su maza su tsaya su riƙe mana jaka.” Ta ɗaga murya. “Mista Gollop, sunana Enid Maynard, ka rubuta da kyau, kada gobe a nemi wata.”

Matar Dacosta ce ta yanka ta uku, tana zagin mijinta a kan kowane ja. Kunya ta ishi mazan, suka yi rububin ta huɗu. Da azahar aka ɗaga daɓen aka ɗora a akori-kura, bango a jingine, kwano a sama, aka ɗaure da igiya. A filin babu abin da ya rage sai mangwaro, da akurki, da guntayen katako huɗu kowanne da ƙusarsa a tsakiya.

Leotta ta tsaya gaban Carlisle. “Ga abin da ubanka ya kafa. Duk wanda ya kama ƙasa na bar maka, ban ɗauki ko noti ba. Ka gaya wa alƙali ya zo ya ƙirga.” Ta gyara hankicin da ke hannunta. “Akwai tuwo a tukunya. Ka ci kafin ka tafi, ka rame.”

Aka ɗaga ta aka zaunar a gaban mota.

Filin da ke bayan gidan Enid ɗan ƙarami ne a kan tudu, babu bishiya, iska na zuwa kai tsaye daga teku. Kafin la'asar sakaliya an jera duwatsu, Dacosta ya yi wa gindin ƙari a kusurwa huɗu, bango ya tashi, ana buga kwano. Gidan ya ɗan karkata hagu, ƙofa tana cijewa. Tsohon ya zo ya tsaya kusa da ita yana kallon gabas, inda gajimare ya taru baƙi ƙirin. Watan Agusta ne, kowa ya san abin da watan ke iya kawowa.

“Wurin nan a buɗe yake, Leotta. Ina da ragowar siminti a gida. Gobe in zo in kafe miki shi, ba wanda zai sani.”

Ta dubi gajimaren. Tsoro ya kama ta sosai, irin na ƙarƙashin tebur. Ta san daga yau duk daren da ganye ya motsa idonta biyu, kuma babu wanda zai ce mata ta kwanta.

“Ƙasar nan ta wa ce, Dacosta?”

“Ta mai gona.”

“To bar shi a kan dutse.”

Ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan falalen dutse da hannunta mai lafiya, ta cusa shi a ƙarƙashin kusurwar hagu, ta buga da dunduniya har ya zauna. Sannan ta sa kafaɗa ta ture ƙofar ta shiga, ta fara rufe tagogin gabas.